Tattasan Da Ya Yi Yaji

Buhun ya fashe a ƙofar shagon, jan tattasai ya watse har bakin kwata.

"Fito! Mai Iri, fito ka ga abin da ka sayar mana!"

Auta tana ƙuryar shagon tana tsince ɓaragurbin iri a tire lokacin da ihun ya iso mata. Kafin ta miƙe, Baba ya riga ya fita, hularsa a hannu. Manoma ne cike da titin, duk waɗanda suka sayi irin tattasai a wurinsa bana. Wani ƙato mai gatari a kafaɗa ya ɗauki tattasai ɗaya ya dangwara masa a baki.

"Ciza!"

"Haba ɗana, me ya yi zafi haka? Mu shiga ciki mu..."

"Na ce ciza!"

Baba ya ciza. Auta tana kallon fuskarsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hawaye ya zubo, ya hau tari. Tattasan da tun kafin a haife ta ake sayen irinsa saboda zaƙi da kaurin tsoka, yau shi ne yake ƙuna kamar an haɗiyi garwashi.

"Kamfanin da ya sa mu noma ya dawo mana da kaya!" in ji ƙaton. "Sun ce mai zaƙi suka ce, ba wuta ba. Daminarmu ta tafi a banza. Me za mu ba 'ya'yanmu?"

Ba ta ga wanda ya fara ba. Ta dai ji ƙarar mari, ta ga Baba ya kife a kan buhun. Sai dutse ya tarwatsa gilashin kantar, kwalaben iri suka yi ta faɗowa suna fashewa. Ta faɗa cikinsu tana ihu, ta rungume kan Baba, wani ya taka mata yatsu da takalmin roba.

"Ku tsaya! Ku tsaya, jama'a!"

Dillali ne, wanda yake saye kayan gonar rabin mutanen nan ya kai kamfani. Ya diro daga motarsa yana ɗaga hannu, Yaya, wan Auta, yana biye da shi. Dillali ya daɗe yana neman aurenta, ita kuma ta daɗe tana gaishe shi daga nesa.

"Wannan tsohon bai cuce ku ba," ya ce. "Shi ma cutarsa aka yi. Wa ya jera akwatunan zuma a bayan gonar irinsa? Wa ya shuka attarugu a gindinsu? Ƙudan zuma ya tashi daga furen attarugu ya sauka a furen tattasai, me kuke so iri ya zama?"

Sai wani ya ce, "Mai Zuma."

Saurayin Auta suka ambata.

* * *

Sau biyu Mai Zuma yana turo manyansa neman auren Auta, sau biyu Baba yana mayar da su. Ba don rashin hali ba, Baba da bakinsa ya ce yaron yana da ladabi.

"Amma ni mai iri ne," ya ce mata a lokacin. "Aikina in hana fure haɗuwa da baƙon fure. Shi kuma aikinsa ya saki dubban ƙwari su yi ta yawo da ƙurar fure a ƙafa. Ya kwashe akwatunansa ya bar sana'ar, sannan ya zo mu yi magana."

Mai Zuma ya matsar da akwatunan can ƙarshen filinsa. Barin sana'ar ne ya gagara, don da ita yake riƙe da mahaifiyarsa.

Yanzu Baba yana kwance a falo, leɓensa a fashe, Umma tana gasa masa haƙarƙari da tsumma. Auta ta shige kicin da tattasai ɗaya da ta ɓoye a mayafi. Ta tsaga shi da wuƙa, ta shinshina, ta juya shi a tafin hannu. Tsokarsa ta yi siriri, ƙarshensa ya yi tsini ya lanƙwashe.

Umma ta shigo ɗiban ruwan zafi. Auta ta tura ƙofar da ƙafa.

"Umma, shinshina."

"Ke, rabu da ni, ubanki yana kwance."

"Babu ƙamshin attarugu a jikinsa, ko kaɗan. Dubi tsininsa. Wannan jinin dogon barkono ne."

Hannun Umma ya tsaya a kan butar.

"Umma, damina nawa na yi ina gwada haɗa attarugu da tattasai a tukwanen shuka? Da gashin kaza nake ɗebo ƙurar ina shafawa, fure bayan fure. Kusan duk zubewa suke yi. Wanda ya daure ya yi ɗa, ƙwayar cikinsa fanko ce, in ma ta tsiro ba ta da ƙarfi. Ba danginsu ɗaya ba, da ƙyar suke karɓar juna. Abin da na sha wuya da hannuna ban samu ba, shi ne 'yan attarugun Mai Zuma da ba su cika kunyar gona ɗaya ba za su yi wa gona guda? Amma dogon barkono da tattasai 'yan ɗaki ɗaya ne. Ƙuda ɗaya ya isa."

"Yi shiru."

"Kin san wanda ya cika kangon jikin gonar da dogon barkono bara. Katanga kawai ta raba su. Na gani, na gaya miki, kika ce in rufa wa Yaya asiri, zai cire kafin ya yi fure. Bai cire ba, Umma."

Umma ta saki butar ta kama hannayenta biyu. Hawaye ya wanke mata fuska.

"Auta, don girman Allah. Kin ga abin da suka yi wa ubanki, tsoho ma ke nan. In suka ji ɗan'uwanki ne, gawarsa za a kawo mini. Shi kaɗai ne namiji a gidan nan."

"Shi kuma Mai Zuma ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Zai gudu. Yaro ne mai ƙafa, zai bar garin, ƙura ta lafa."

"Ba zai gudu ya bar mahaifiyarsa ba, kin sani."

"To ni ce na haife ki, ba ita ba! In kika buɗe baki..."

Ƙofar ta bugu da bango. Yaya ne, idonsa jajur, da alama ya daɗe a tsaye.

"In ta buɗe baki ta ce me?"

"In ce kai ne," Auta ta ce. "Dillali ya ba ka iri ya ce zai saye a ɓoye, ka shuka a kango. Shi ya sa yau ya yi saurin nemo wanda za a ɗora wa."

Marin ya jefa ta kan kwandon kwanuka. Kafin ta tashi ya damƙi wuyan rigarta ya ja ta a ƙasa har ɗakin ajiya, Umma tana bin sa tana roƙo ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Ya fizge wayarta ya buga da bango.

"Saboda wani mai warin hayaƙi za ki sayar da ni? Ki zauna nan. In na dawo, ki ga ko akwai sauran abin da za ki aura."

Ya ja ƙofar ya danna kwaɗo.

* * *

Ta tagar ɗakin ajiyar ta ga fitarsu. Motar Dillali cike da manoma, sanduna a tsaye kamar an shuka su. Yaya yana gaba da jarkar fetur, ya cusa wata baƙar leda a aljihu. Ta san ledar. Garin barkonon Umma ne.

Ta yi ta dukan ƙofa har hannunta ya mutu.

"Umma! Umma, za su kashe shi!"

Tana jin numfashin Umma a bayan ƙofar, tana jin shesshekarta, amma kwaɗon bai motsa ba.

Ta waiwaya. Buhunan taki, injin feshi, tsohuwar fartanya. Ta ɗauki fartanyar ta hau kan buhu, ta yi ta saran katakon tagar har ƙusoshin suka saki. Ta matsa jikinta ta fita, ƙusa ta tsage mata cinya, ta faɗo a lungu ba takalmi. Ba ta tsaya duba jinin ba.

Rana tana tsaka, kwalta tana cin tafin ƙafa. Ta wuce masu faci, ta wuce gidan mai, mutane suna juyowa suna kallon budurwa tana gudu kamar mahaukaciya. Tun kafin ta bar kwalta ta hango hayaƙin.

* * *

Akwatunan suna ci da wuta a jere. Zuma tana narkewa tana gangarowa ƙasa baƙa ƙirin, warin kakin da ya ƙone ya cika filin. Akwati ɗaya ne ya rage can gindin bishiya, fetur bai kai kansa ba.

Mai Zuma yana tsakiyar manoman a durƙushe. Mutum biyu sun murɗe masa hannu ta baya, jini yana zuba daga goshinsa. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa, tana rarrafe a bakin bukka tana kiran sunan Allah, ba mai kallonta.

"Ka amsa!" ƙaton nan mai gatari yake cewa. "Kai ka lalata mana iri?"

"Ƙudana suna zuwa ko'ina," Mai Zuma ya ce a hankali. "Ban isa in hana su ba."

Yaya ya matso ya kwance bakin ledar.

"Da wannan idon kake kallon ƙanwata, ko?"

Ya kama gashin kansa ya ɗaga fuskar, ya watsa masa garin, ya bi da tafin hannu ya murza.

Ƙarar da Mai Zuma ya yi, Auta ba ta taɓa jin ɗan'adam ya yi irinta ba. Ta ratsa mutanen ta faɗa kansa daidai lokacin da wata sanda take saukowa. A hannunta na hagu ta sauka. Ta ji ƙashin ya amsa, duniya ta yi fari, ta dawo.

"Ku kashe ni tare da shi!"

Suka ja baya. Dukan mace ba ya cikin abin da suka fito yi.

"Ruwa! Ku ba ni ruwa, ku ji tsoron Allah!"

Ba wanda ya motsa. Ta shiga share masa ido da gefen mayafinta, yana makyarkyata, fatar idon ta kumbura ta rufe.

"Auta?" ya ce cikin haƙora. "Ke ce? Me ya kawo ki? Tafi gida."

"Zan faɗa musu."

Ya laluba ya kama mayafin.

"Kada ki faɗa."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ka sani?"

"Bara na bi ƙudana in ga inda suke kiwo, na leƙa kangon. Na yi wa wanki magana, ya ce in kula da abin da ya dame ni." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ni duka ne, zan warke. Shi in suka juya kansa ba za su bar shi da rai ba. Wanki ne. In aka kashe shi ta bakinki, da wane ido za ki kalli Umma? Da wane ido za ki kalle ni?"

"Kai fa, da wane idon za ka kalle ni? Ka ga abin da ya yi maka!"

"Ku janye ta!" Dillali ya daka tsawa. "Ya shanye ta ne, ba ta cikin hankalinta. Ku gama da shi mu tafi."

Ƙaton ya sauke gatarin daga kafaɗa.

Can bayan mutanen ta ga wani mai babur ya tsaya, Baba yana saukowa dafe da haƙarƙari. Ta miƙe, hannun yana reto.

"Baba! Kai ka koya mini iri. Ka dubi Allah ka gaya musu, attarugu yana kama tattasai haka?"

Baba ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga tattasan da manoman suka zo da shi, ya tsaga da farce, ya kai hanci.

"Da safe zafin duka bai bar ni na duba ba," ya ce. "Wannan ba attarugu ba ne. Dogon barkono ne." Ya dubi filin Mai Zuma daga farko har ƙarshe. "Kuma babu shi a nan. Wa ya shuka dogon barkono kusa da gonata?"

"Auta," Mai Zuma ya ce. "Don Allah."

Ta dubi gatarin. Ta dubi Yaya, wanda ya goya ta zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ta. Yana girgiza mata kai.

"Yaya ne," ta ce. "A kangon jikin gona. Dillali ya ba shi irin. Ku je ku duba, busassun karan suna nan."

Ƙofar mota ta rufu. Kafin a juya, Dillali ya tayar da ƙura ya bar filin.

Sai suka juya kan Yaya.

Ya yi taku uku aka shure ƙafarsa. Sanduna suka rufe shi. Baba ya kutsa yana cewa, "Ni za ku daka, ɗana ne, ni za ku daka!" aka hankaɗe shi gefe. Auta tana ihu har muryarta ta dushe. Ta ga ƙaton ya juya gatarin ta ƙeya ya ɗaga sama.

"Auta!" Mai Zuma ne, ya miƙe yana tangaɗi, hannu a gaba. "Akwatin gindin bishiya yana nan?"

"Yana nan!"

"Kai ni. Ki rufe Inna da Baba da tabarma, ki rufe fuskarki."

Ta ja shi da hannunta mai lafiya har ya dafa murfin. Shi ne akwatinsa na farko, da shi ya fara sana'ar. Ya tattara ƙarfinsa ya kifar da shi.

Ƙudan da hayaƙi ya riga ya haukata suka tashi kamar baƙin hadari. Filin ya rikice. Gatari ya faɗi, sanduna suka zube, ƙarti suna gudu suna marin fuskokinsu, wasu suka faɗa cikin rami, wasu suka bar takalma. Auta ta ja tabarma ta lulluɓe tsofaffin biyu, harbi yana sauka a bayanta kamar ruwan allura.

Da ta leƙo, ta ga Mai Zuma yana rarrafe yana laluben ƙasa. Ya taɓa ƙafar Yaya. Ya cire rigarsa ya rufe masa fuska, ya kwanta a kansa.

* * *

A asibiti aka jera su ɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakani. Yaya ya samu karaya a ƙafa da haƙarƙari, amma yana numfashi. An ɗaure wa Auta hannu an rataya a wuya. Mai Zuma yana kwance, bandeji ya zagaye idonsa, jikinsa duk kumburin harbi.

"Na dama zai gani," likita ya ce. "Na hagun an murza shi da ƙarfi, ya yi rauni sosai. Ba zan yi muku alkawari ba."

Umma ta iso ta wuce Auta kamar ba ta gan ta ba, ta shige bayan labule. Daga can muryarta ta fito.

"Ki ji daɗi. Kin zaɓa."

Auta ta haɗiye kukan ta tsaya a gefen gadon Mai Zuma. Ya ji motsinta, ya laluba ya kama gefen mayafinta ya riƙe.

Baba ya shigo yana jan ƙafa. Ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban mahaifiyar Mai Zuma da ke zaune a kan benci.

"Baiwar Allah, gidana ya zalunce ku. Ɗana ya ɓata mini iri, ya ɗora wa naki, naki kuma ya rufe shi da jikinsa. Akwatunan zan mayar, ko da zan sayar da shagon ne. Maganar da na mayar sau biyu, yau ni na kawo ta da ƙafata. Na ba shi Auta."

Yatsun da ke riƙe da mayafinta suka ƙara damƙewa.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dubi Baba, ta dubi bandejin da ke fuskar ɗanta.

"Tashi, malam, ka girme wa durƙuso. Ka riƙe akwatunanka, ka riƙe 'yarka."

"Inna..." Mai Zuma ya fara.

"Rufe mini baki. Ina rarrafe a ƙasa ina kallo aka cusa maka barkono a ido. Ita wannan ta san gaskiya tun bara ta yi shiru, kai ma ka yi shiru saboda ita. Shirun nan ne ya ci maka ido. In haɗa jini da gidan nan, in riƙa gaisawa da wancan na bayan labule a matsayin suruki? Ba da raina ba."

Auta ta zube a gabanta.

"Inna, ki yafe mini. Ki dake ni, ki zage ni, zan yi miki bauta har ƙarshen rayuwata. Ni zan zama idonsa."

"Yana da uwa."

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta tako har bakin gadon.

"Sake mata mayafi. In ka sake, ni da kai mu koma gida mu fara daga farko. In ka riƙe, ka riƙe, amma ka sani ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Jan ruwa ya ɓullo ta ƙasan bandejin ya gangara kunnensa.

Auta ba ta dubi kowa ba, hannunsa take kallo. Babban yatsan ya saki. Manunin ya bi. Na tsakiya shi ma ya buɗe, na kusa da shi ya zame.

Ƙaramin yatsan ya naɗe cikin zaren mayafin, ya ƙi fita.

"Ina jiranka," in ji tsohuwar.